Yadda ake ɓare dafaffen sabon ƙwai ba tare da ya yage ba, da yadda ake cusa shi

Sabon ƙwai ya fi daɗi a baki, farinsa ya fi kauri, gwaiduwarsa kuma tana zaune daram a tsakiya. Amma shi ne ya fi ba mai girki wahala idan aka dafa shi aka zo ɓarewa. Ɓawon sai ya manne, farin ya riƙa binsa ɓalli-ɓalli, a ƙarshe a tashi da ƙwai duk ramuka, wani ma har gwaiduwa ta leƙo. Idan yanka shi za a yi a cikin salak, to da sauƙi. Amma idan cusa shi za a yi, wato a raba shi biyu a cire gwaiduwar a kwaɓa ta da kayan ɗanɗano a mayar cikin farin, abin da ake kira deviled eggs a Ingila da Amurka, to farin nan shi ne mazubin. Idan ya yage, aikin ya lalace tun kafin a fara.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a ajiye ƙwai ya yi mako ɗaya ko biyu kafin a dafa. Gaskiya ne tsohon ƙwai ya fi saurin ɓaruwa, amma ni ban goyi bayan wannan jiran ba, musamman ga mai niyyar cusawa. Tsohon ƙwai iskar da ke gindinsa ta yi yawa, idan ya dahu sai ki ga gefe ɗaya ya lotsa, gwaiduwar kuma ta karkace ta jingina da ɓawo, bangon farin ya yi siriri ta wannan wajen har ya tsage da an taɓa shi. Sabon ƙwai ne ke ba da kyakkyawar siffa. Abin da kawai yake buƙata shi ne a dafa shi ta hanyar da ta dace da shi.

Me ke sa shi mannewa

Tsakanin ɓawo da farin ƙwai akwai tantani guda biyu masu sirantaka, ɗaya yana manne da ɓawo, ɗaya yana lulluɓe da farin. A gefen ƙwai mai faɗi ne suke rabuwa su bar ɗan gurbin iska. Shi kuma ɓawon, duk da ido ba ya gani, yana da dubban ƙananan ƙofofi da iska ke bi ta shiga ta fita.

Lokacin da kaza ta yi ƙwai, farinsa yana ɗauke da iskar kabon mai yawa, wadda ke riƙe ma'aunin tsaminsa, wato pH, a wajen 7.6 zuwa 7.9. Da kwanaki suka tafi iskar tana sulalewa ta ƙofofin nan, tsamin ya ragu, ma'aunin ya hau har ya kai wajen 9.2. A matakin farko, idan zafi ya taɓa farin, sinadaran furotin da ke cikinsa suna kama tantanin ciki su riƙe shi gam. A mataki na biyu riƙon ya yi sako-sako. Iyakar bambancin sabo da tsoho ke nan a wajen ɓarewa.

Akwai abu na biyu, kuma shi ne a hannunki. Farin ƙwai yana fara daskarewa a wajen digiri 62 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, gwaiduwa kuma daga 65 zuwa 70. Idan aka sa ƙwai a ruwan sanyi aka ɗora a wuta, zafin yana hawa a hankali, farin ya daɗe yana daskarewa sannu-sannu, ya samu isasshen lokacin da zai haɗe da tantani su zama abu ɗaya. Idan kuwa aka jefa shi kai tsaye cikin zafi mai ƙarfi, farin da ke can waje yana daskarewa nan take, ya takure ya ja baya daga tantanin kafin su kama juna. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa ya ginu ne a kan ƙa'ida ɗaya: ƙwai ya tarar da zafi yana jiransa, kada su tashi tare.

Kafin a kunna wuta

Ki tanadi tukunya mai murfi wadda ƙwan zai zauna a cikinta jeri ɗaya ba tare da wani ya hau wani ba, da matsami ko babban cokali na saukar da ƙwai, da kwano babba na ruwan sanyi da ƙanƙara, da agogo ko wayar da za ki sa ta yi ƙara idan lokaci ya cika. Agogon ba ado ba ne. Minti biyu ne tsakanin gwaiduwa mai laushi ruwan ɗorawa da busasshiya mai koren zobe.

Ki duba kowane ƙwai. Wanda ya tsage ki ware shi a soya. Idan da datti a jikin ɓawo, ki wanke shi a daidai lokacin da za ki dafa, da ruwan da ya ɗan fi ƙwan ɗumi. Kada a wanke a ajiye, domin akwai wani siririn rufi da ƙwai ke fitowa da shi wanda ke toshe ƙofofin ɓawo, wanki kuma yana cire shi. Idan kina shakkar shekarun ƙwan, ki sa shi a kofin ruwa: sabo zai kwanta a ƙasa, wanda ya kwana biyu zai ɗaga gindi ya tsaya, wanda ya taso sama gaba ɗaya ya tsufa ƙwarai, ki fasa shi daban ki shinshina kafin ki yarda da shi.

Ki ƙara ƙwai ɗaya ko biyu a kan adadin da kike bukata. Za su yi amfani nan gaba, ko da babu wanda ya yage.

Idan ƙwan daga firji yake, ki fito da shi kamar minti 10 zuwa 15 kafin dafuwa don ya rage sanyi, hakan yana rage fashewa. Mai son gwaiduwa ta zauna a tsakiya sosai kuma tana iya kwantar da ƙwan a gefensa tun daren jiya.

Dafawa a tafasasshen ruwa

1. Ki zuba ruwa a tukunya yadda zai shanye kan ƙwan da kamar santimita 2 zuwa 3. Ki bar shi ya tafasa sosai, yana ɓararraka, ba ƙananan kumfa a gindin tukunya ba.
2. Ki ɗan rage wuta don ruwan ya lafa, ki ɗora ƙwai a matsami ki saukar da shi har ƙasa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Yawancin ƙwan da ke fashewa ba zafi ne ya fasa shi ba, sakinsa aka yi ya bugi gindin tukunya.
3. Ki mayar da wuta sama ruwan ya sake tafasa na kamar daƙiƙa 30, sannan ki rage ta yadda zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan. Daga lokacin da ƙwai na ƙarshe ya shiga ne za ki fara ƙirga.
4. A minti biyun farko ki riƙa juya su a hankali da cokali. Wannan juyin yana taimaka wa gwaiduwa ta tsaya a tsakiya kafin farin ya kama.
5. Babban ƙwai mai sanyin firji yana buƙatar minti 12. Wanda ba shi da sanyi, minti 10 zuwa 11 sun isa. Ƙananan ƙwai a rage minti ɗaya, waɗanda girmansu ya wuce misali a ƙara ɗaya.

Kada ki cika tukunya. Idan kika zuba ƙwai 12 masu sanyi a ɗan ruwa kaɗan, zafin ruwan zai faɗi ƙasa, ya ɗauki lokaci kafin ya farfaɗo, kin koma dafuwar ruwan sanyi ke nan ba ki sani ba. Ruwa ya yi yawa, ko kuma ki raba dafuwar kashi biyu.

Dalilin rage wuta bayan tafasar farko shi ne, tafasa mai ƙarfi na tsawon lokaci tana sa ƙwan ya riƙa karo da juna, farin kuma ya yi tauri yana danƙo a baki. Zafin farko ne ke raba fari da tantani. Bayan haka tausasawa ake so.

Wanda ke zaune a wuri mai tudu sosai ya ƙara minti ɗaya ko biyu, domin ruwa yana tafasa ne a ƙasa da digiri 100 a can, yana raguwa da kusan digiri ɗaya a duk hawan mita 300.

Turarawa, wadda na fi so

Ga sabon ƙwai na kwana ɗaya ko biyu, turarawa ta fi kowace hanya. Tururi yana kan digiri 100 tun daga daƙiƙar farko, kuma ƙwai mai sanyi ba ya sanyaya shi yadda yake sanyaya ruwa. Ƙwan yana zaune wuri ɗaya, ba karo ba bugu, ruwan da za a tafasa kuma kaɗan ne, don haka ba a daɗe ana jira.

Ki zuba ruwa kamar santimita 2 zuwa 3 a tukunya, ki ɗora madambaci ko gwagwar ƙarfe a kai yadda ruwan ba zai taɓa ƙasanta ba. Ki rufe, ki bari sai tururi ya fara fita da ƙarfi. Sannan ki buɗe, ki jera ƙwan jeri ɗaya, ki mayar da murfi nan da nan. Ki kula da hannunki, ƙunar tururi ta fi ta ruwa zafi. Ki buɗe murfin ta ɓangaren da ba ya fuskantarki. Wuta matsakaiciya zuwa sama, minti 13 ga mai sanyin firji, minti 11 zuwa 12 ga marar sanyi. Kada a riƙa buɗewa ana leƙawa, duk buɗewa ɗaya zafi ne ya tafi.

Idan babu madambaci ko gwagwa, a zuba ruwa santimita ɗaya kawai a tukunya, ya tafasa, a jera ƙwan a ciki a rufe ruf. Ƙasansa a ruwa, samansa a tururi, kuma yana dahuwa daidai. Sai dai a lura kada ruwan ya ƙone.

Mai tukunyar matsi ta lantarki tana da hanya mai sauƙin tunawa: kofi ɗaya na ruwa, ƙwai a kan ɗan ƙarfen da ke zuwa da tukunyar, minti 5 a matsi mai ƙarfi, minti 5 a bar tururin ya sauka da kansa, sannan a saki sauran a kai ƙwan ruwan ƙanƙara. Shi kuwa makirowef, kada a taɓa sa ƙwai da ɓawonsa a ciki. Tururi yana taruwa a cikinsa ya tarwatse, wani lokaci ma sai an fito da shi yake fashewa a hannu ko a fuska.

Sanyayawa

Tun ƙwai yana kan wuta ki haɗa ruwan ƙanƙara, rabi ruwa rabi ƙanƙara. Da lokaci ya cika ki kwashe ƙwan ki zuba a ciki, ki bar shi minti 15. Mutane da yawa a nan suke gaggawa, su tsoma su cire bayan minti biyu, ɓawo ya yi sanyi amma ciki yana nan da zafi. Farin da ke da zafi yana da rauni, da an ja shi sai ya tsage. Wanda ya huce har ciki ya yi ƙarfi, ya kuma ɗan takure ya bar ɓawo.

Sanyayawar tana da amfani na biyu. Koren zoben nan da ake gani a jikin gwaiduwa yana fitowa ne idan sinadarin sulfa da ke cikin fari ya haɗu da sinadarin ƙarfe da ke cikin gwaiduwa saboda zafi ya daɗe. Ba ya cutarwa, amma yana dusar da launin haɗin, yana kuma zuwa da warin nan da ke sa wasu ƙyamar dafaffen ƙwai. Tsayar da dafuwa nan take yana hana shi.

Idan babu ƙanƙara, ki juye ruwan zafin, ki zuba mafi sanyin ruwan da kike da shi, ki riƙa canzawa duk lokacin da ya yi ɗumi, sau huɗu ko biyar, har sai kin riƙe ƙwan a tafin hannu na ɗan lokaci ba ki ji ɗumi yana tasowa daga ciki ba. Zai ɗauki lokaci fiye da ƙanƙara, amma yana yi.

Ɓarewa

Ki fara da buga gefen mai faɗi a kan tebur, inda gurbin iska yake. A sabon ƙwai gurbin ƙarami ne, amma yana nan. Sannan ki buga ɗaya gefen, ki kwantar da ƙwan ki mirgina shi da tafin hannu a hankali har ɓawon ya farfashe ko'ina ƙanana-ƙanana. A hankali nake cewa, domin dannawa da ƙarfi tana tsaga farin a tsakiya, daidai inda ya fi siriri. Manyan ɓallin ɓawo su ne masu yaga. Ƙanana suna lanƙwasa tare da tantani su biyo shi.

Bayan kin farfasa dukkansu, ki mayar da su cikin ruwan sanyi su yi minti 5. Ruwa zai bi tsagogin ya shiga tsakanin tantani da fari. Wannan ɗan jiƙon yana rage rabin wahalar, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Yanzu ki ɗauki ɗaya, ki tsinke ɓawon gefen mai faɗi, ki nemi tantanin. Nan ne gaba ɗayan aikin yake. Idan kika ɓalle ɓawo kika bar tantani a jikin fari, za ki yi ta tsintar ɓawo ɗaya-ɗaya kina yagar ƙwai. Idan kika shiga ƙarƙashin tantanin, shi zai ɗauko ɓawon gaba ɗaya, ya zame kamar ana cire safa. Za ki gane kin shiga idan yatsanki ya taɓa wuri mai santsi da sheƙi. Idan wurin ya yi dishi-dishi yana ɗan kama yatsa, tantani yana nan, ki tsinke shi.

Ki yi aikin a ƙarƙashin siririn ruwan famfo, ko a cikin kwanon ruwa, ki bar ruwan yana shiga daidai inda ɓawo ke rabuwa da fari. Ki yi amfani da gefen babban yatsa, ba farce ba. Turawa ake yi, ana zagaya ƙwan, ba fizga ba. Idan kika ji wani wuri ya ƙi, kada ki matsa masa. Ki bar shi, ki zagayo ta wani ɓangaren, ki tarar da shi ta baya; sau da yawa da kansa yake saki.

Ƙaramin cokalin shayi ma yana taimakawa. Bayan kin buɗe gefen mai faɗi, ki jiƙa cokalin ki zura shi ƙarƙashin tantani, cikinsa yana rungume da ƙwan, ki zagaya da shi. Akwai kuma masu sa ƙwai a kwalba da ɗan ruwa su rufe su girgiza. Tana da sauri, amma ba na ba da shawararta ga ƙwan da za a cusa, domin girgizar tana yawan tsaga farin.

Idan kin gama, ki ɗauraye kowanne don cire ɓurɓushin ɓawo, ki tsane shi da tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu.

Game da abubuwan da ake zubawa a ruwan dafuwa: gishiri da binega, wato ruwan khal mai tsami, ba sa sa ɓawo ya saki. Amfaninsu shi ne idan ƙwai ya tsage a tukunya, suna sa farin da ya ɓullo ya daskare da wuri ya toshe tsagar. Garin soda na girki (baking soda), rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya, wasu suna sa shi don ya ɗaga ma'aunin pH na farin, amma tasirinsa kaɗan ne, kuma yana ƙara warin sulfa. Huda gindin ƙwai da allura yana rage lotsawa a tsohon ƙwai, sabo ba ya buƙata. Wadda ta fara da zafi ta kuma sanyaya sosai ba ta da buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Cusawa

Girki ne mai tsohon tarihi. A Andalus, wato yankin Sifen da Musulmi suka mulka, a ƙarni na 13 an rubuta yadda ake daka gwaiduwa da ruwan albasa da kayan yaji a mayar cikin farin. Haɗin da ya yaɗu a yau shi ne na mayonis da mustad, wani kwaɓi mai ɗan yaji da tsami da ake sayarwa a kwalba. Ga ma'auni na ƙwai 6, wanda zai ba da guda 12:

- mayonis, babban cokali 3
- mustad, ƙaramin cokali 1
- binega ko ruwan lemon tsami, ƙaramin cokali 1
- gishiri, kamar kwatan ƙaramin cokali
- baƙin barkono, wato masoro, da aka niƙa, ɗan kaɗan
- garin jan tattasai, wato pafirika, na barbaɗawa
- lawashi ko ganyen fasili, yankakke ƙanana, idan ana so

Ƙwan ya zama da sanyi kafin a yanka. Ki samu wuƙa mai kaifi marar haƙora, ki jiƙa ta, ki yanka ƙwan a tsaye daga kai zuwa gindi da ja ɗaya, ba sassaƙa ba. Ki goge wuƙar bayan kowane ƙwai, in ba haka ba gwaiduwa za ta ɓata gefen farin na gaba. Ki ɗan lanƙwasa rabin a hankali ta baya, gwaiduwar za ta faɗo da kanta. Wadda ta ƙi, ki ɗago ta da bakin ƙaramin cokali. Idan ramin ya ɓaci ki ɗauraye shi ki kife a kan takarda ya tsane. Farin da ke da jiƙa yana sa haɗin ya zame, yana kuma santsi a faranti. Don ya zauna da kyau, ki yanke ɗan siririn ɓalli daga ƙasansa.

Gwaiduwa kuma, ki murƙushe ta tun tana busasshiya, kafin komai ya shiga. Wannan tsarin yana da muhimmanci: idan mayonis ya riga ya shiga, gudajin suna zamewa ƙarƙashin cokali, ba za su mutu ba ko an daɗe ana juyawa. Cokali mai yatsu yana yi, amma idan kina son haɗi mai laushi sosai, ki tura gwaiduwar ta cikin rariya da bayan cokali. Minti biyu ne aikin, kuma bambancin a baki yake.

Nan ne ƙarin ƙwan nan ke shigowa. Gwaiduwar ƙwai 6 tana cika ramuka 12 ne daidai baki, ba ta yin tozo. Ki ƙara gwaiduwar na bakwai, haɗin zai tashi sama ya yi kyau. Farin da ya rage, ko wanda ya yage, a daddatsa shi ƙanana a zuba a haɗin idan ana son ɗan abin taunawa, ko a ci shi haka nan.

Ki zuba mustad da binega da gishiri da barkono ki juya, sannan mayonis cokali biyu. Ki duba kaurin kafin ki ƙara na uku, domin gwaiduwa ba girmanta ɗaya ba, mayonis ma wani ya fi wani ruwa. Abin da ake nema shi ne haɗin da idan kika ɗaga cokali zai yi tsini ya tsaya, bai zube ba, bai kuma tsattsage ba. Idan ya yi tauri, ƙarin mayonis kaɗan ko 'yan ɗigon lemon tsami. Idan ya yi ruwa, gyaransa ƙarin gwaiduwa ne, ko ki sa shi a firji na minti 20 ya kama jikinsa. Ƙaramin cokali biyu na bota mai laushi yana sa haɗin ya yi santsi ya kuma riƙe siffarsa bayan ya yi sanyi.

Ki ɗanɗana. Haɗin ya kamata ya ɗan fi ƙarfin yadda kike so, a gishiri da tsami duka, domin farin da zai zauna a ciki salam yake, sanyi kuma yana kashe kaifin ɗanɗano. Mafi kyau ki lakuta a ɗan guntun fari ki ci tare, shi ne zai gaya miki gaskiya. Tsamin nan kada a raina shi. Gwaiduwa maiƙo ce, mayonis maiƙo ne, idan babu abin da ya yanka su sai ƙwan ya gundiri mai ci tun a na biyu.

Wajen zubawa, ƙananan cokula biyu sun wadatar, ɗaya ya ɗebo ɗaya ya ture. Idan kina son ya fito tsaf, ki zuba haɗin a leda mai ƙarfi mai tsabta, ki tura shi zuwa kusurwa ɗaya, ki fitar da iska, ki yanke bakin kusurwar kamar santimita ɗaya. Ki sa bakin a cikin ramin, ki matsa daga sama kina ɗagowa a hankali kina ɗan zagayawa. Ki fara cika kowane rami daidai baki, sannan ki dawo ki raba abin da ya rage, don kada na ƙarshe su tashi ba komai. Pafirika a barbaɗa ta daga sama-sama, ta cikin ƙaramar rariya, dab da za a kai wa masu ci. Idan ta daɗe a kai tana jiƙa ta yi dabbare-dabbare.

Da zarar hannunki ya faɗa da wannan ma'aunin, sauran canji ne. Ana maye rabin mayonis da yogot mai kauri marar suga, sai a rage binega tunda yogot yana da nasa tsamin. Ana sa garin kori rabin ƙaramin cokali, ko barkono mai zafi ga mai son yaji, ko kifin tuna na gwangwani da aka tsane sosai aka farfasa. Fiya ma tana shiga a madadin mayonis, sai dai tana baƙi da wuri, don haka a ƙara lemon tsami a kuma ci a ranar. Duk abin da ke da ruwa, kamar albasa ko kokwamba mai tsami, a yanka shi ƙanana ƙwarai a matse ruwan tukuna, kuma idan da gutsattsari a haɗin a faɗaɗa bakin ledar don kada ya toshe.

Ajiya

Dafaffen ƙwai ya fi ɗanye saurin lalacewa, domin dafuwa ta wanke rufin da ke kare ɓawonsa. A sa shi a firji mai sanyin digiri 4 ko ƙasa da haka cikin awa biyu da dafawa. Da ɓawonsa yana kai mako ɗaya. Ɓararre a sa shi a roba mai murfi da ɗan jiƙaƙƙen tsumma ko takarda don kada ya bushe. Kada a sa shi a firiza, farin yana komawa tauri yana fitar da ruwa.

Wanda aka cusa, a cinye shi cikin kwana biyu. A kan tebur kada ya wuce awa biyu, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya ce iyakarsa; abin da ya wuce haka a zubar, ko da bai yi wari ba. Idan zaman zai yi tsawo, a ɗora farantin a kan tire mai ƙanƙara, ko a riƙa fitowa da shi kaɗan-kaɗan daga firji. Mayonis ɗin da aka haɗa a gida da ɗanyen ƙwai yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, don haka idan masu ciki ko ƙananan yara ko tsofaffi za su ci, a yi amfani da na kwalba.

Idan taro za ki yi wa, ki dafa ki ɓare ki yanka tun jiya. Farin ki jera shi a roba mai murfi a kan takarda, haɗin ki bar shi a ledarsa a ɗaure ba tare da kin yanke kusurwar ba, duka a firji. Haka ma idan wani wuri za ki kai: ki ɗauke su daban-daban a cikin kula da ƙanƙara, sai kin isa ki sake tsane farin, ki yanke bakin ledar, ki cika, ki barbaɗa pafirika.